Keken kabon a Katsina: tambayoyi da amsoshi kan saye, haɗawa da kula da shi

Kekunan tsere masu firam ɗin kabon sun fara shigowa hannun matasanmu, yawanci na gwanjo da ake aikowa daga Legas ko Kano, wasu kuma sababbi da ake yin odarsu ta intanet daga Chana. Masu gyaran kekenmu gwanaye ne a kan ƙarfe tun zamanin Raleigh da Phoenix, amma hannun da ya saba da ƙarfe yana iya kashe kabon cikin minti guda, ba da mugunta ba. Ga abubuwan da aka fi tambaya.

Malam, wai shi kabon ɗin nan roba ne ko ƙarfe?

Ba ko ɗaya daga ciki. Zare ne baƙi, siriri ƙwarai, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na gashin kai. Ana haɗa dubbansa a shimfiɗa su, a jiƙa su da wani danƙo mai suna ifoksi, a yayyanka gunduwa-gunduwa, ma'aikata su jera su da hannu a cikin mazubi, kowace gunduwa da inda zarenta zai fuskanta. Daga nan a hura iska daga ciki don ta matse su jikin mazubin, a gasa har danƙon ya sandare. Kamfanin Toray na Japan shi ne babba wajen yin zaren, shi ya sa za ka ga an rubuta T700 ko T800 a tallan wasu kekuna. Firam ɗin kansa kuwa, akasari a Taiwan da Chana ake ƙera shi, har da na manyan kamfanonin Turai da Amurka.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ƙarfin kabon yana bin inda zaren ya nufa. Ɗauki busasshen karan dawa ka ja shi ta tsawo, ba za ka tsinka shi ba, amma ka sa filaya ka matse tsakiyarsa, nan take ya fashe. Haka bututun kabon yake. Zai ɗauki nauyinka da bugun fedarka shekara da shekaru bai gaji ba, amma matsi a wuri ɗaya, ko dukan abu mai tsini, ba a gina shi don su ba. Ƙarfe in ya wahala sai ya lanƙwashe, ka gani da idonka. Kabon ba ya lanƙwasa. Yana iya rabewa daga ciki fenti na nan lafiya lau, sai ran da ya karye.

Me ya fi alminiyom da shi? Ya dace da ni?

Ya fi shi rashin nauyi, kuma maƙeri yana iya sa wani sashe ya yi tauri wani ya yi ɗan laushi a firam ɗaya. Firam ɗin tsere mai kyau yakan yi kilo ɗaya ko ƙasa da haka. Tun 1986, da Greg LeMond ya ci gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon, 'yan tsere suka karkata gare shi, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sa doka a 2000 cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8.

Amma in keken zuwa kasuwa kake so, ko na makaranta da za ka jingina cikin baburan mutane, ka bar kabon. Na mai fita motsa jiki ne da sassafe, wanda zai bi hanyar Daura ya yi kilomita tamanin ko abin da ya samu ya juyo. Kuma in kuɗinka ba su kai na kabon mai asali ba, ni dai na fi son ka sayi alminiyom mai kyau ka sa masa tayoyi masu kyau, da ka hau kabon da ba ka san tarihinsa ba.

Na ga na gwanjo da araha. Yaya zan duba shi kafin in biya?

Kada ka duba shi da ƙura a jiki, kuma kada ka duba shi da magariba. Ka sa a goge shi tas, ka fito da shi haske, ka kunna fitilar wayarka ka riƙa haska fentin daga gefe, ba kai tsaye ba, don tsaga ta fi fitowa haka. Fara da bututun sama, inda kan keke yake juyowa ya buge shi in an faɗi. Sai ƙasan babban bututu, inda tsakuwa ke harba. Sai ƙafar baya ta dama kusa da feda, inda sarƙa in ta zame take cin jiki. Sai bakin ramin da sandar sirdi ke shiga. In ka ga sitika a wurin da ba a saba manna sitika ba, ka ce a ɗaye ta.

Bayan ido sai kunne. Samo tsohuwar kwandala ko gindin ƙaramin cokali, ka riƙa ƙwanƙwasa bututun a hankali kana tafiya. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara siririya, tas-tas. Inda ya rabe daga ciki sai ƙarar ta mutu, ta koma dum-dum. Ka gwada da ɗaya gefen, tunda ƙarar tana canzawa da kanta kusa da mahaɗa inda kabon ya fi kauri. Sannan ka danna wurin da babban yatsa. In ya yi laushi, ko ka ji ƙas-ƙas, ka haƙura da keken. Ba kowace tsaga wannan gwajin yake kamawa ba, a ƙasashen da ke da kayan aiki na'urar hoton ciki ake sa wa, amma ya fi saye da ka.

Wurin da mutane ba sa dubawa, alhali ya fi ko'ina haɗari, shi ne bututun fok, wanda ya ratsa wuyan keke ya fito sama kan keke ya kama shi. Sai an kwance ake ganinsa. Ka roƙi mai keken a kwance, aikin minti biyar ne. In akwai zobe da ya ci jikinsa, ko farin layi inda maƙallin kai, abin da ke haɗa kan keke da bututun fok, yake matsewa, fok ɗin ya tashi aiki. Duk wanda ya ƙi a kwance maka, ka yi masa godiya ka kama gabanka. Ka kuma ja sandar sirdi ka ga tana fita, domin in ta alminiyom ce ta daɗe a cikin kabon ba a taɓa ta ba, sukan ci juna su manne, fitar da ita kuma tana iya tsaga firam.

Akwai jabu?

Akwai, da yawa. Sunayen da aka fi kwaikwayo su ne masu tsada irin su Pinarello da Specialized. Lambar firam tana ƙarƙashin gidan feda, ka ɗauki hotonta ka bincika da kamfanin. Sabon firam mai babban suna da ake sayarwa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, ka san abin da ke nan. Wannan daban yake da ƙananan kamfanonin Chana masu sa sunan kansu, waɗanda wasunsu aikinsu na da kyau. Wanda ya yarda ya sa sunansa yana da abin da zai rasa in kayansa suka karye. Mai satar sunan wani ba ruwansa, kuma kan keke na jabu in ya karye kana gangara, fuskarka ce za ta fara isa kwalta.

Me ya sa ake ta maganar sifana mai awo? Alanki bai isa ba?

A nan ne yawancin kekunan kabon suke mutuwa a garin nan, ba a kan titi ba. Mun tashi da cewa noti sai ya ɗauru tam, har sai hannu ya kasa. A keken ƙarfe hakan ba laifi. A kabon kuwa kowane ƙusa yana da iyakarsa, kuma an rubuta ta a jikin kayan: duba kusa da ƙusoshin maƙallin kai za ka ga 5Nm ko 6Nm, haka ma a zoben da ke riƙe sandar sirdi. Wannan awon ƙarfin murɗawa ne, kuma 5Nm kaɗan ne ƙwarai, da ɗan gajeren alanki ma hannun babba yana wuce shi bai sani ba.

Na tsaya a rumfar wani mai gyara wata rana, wani saurayi ya kawo keke yana kukan sirdi na zamewa ƙasa. Yaron shago ya ɗaure, aka hau, ya sake zamewa. Sai ya ɗauko guntun fayif ya zura a alankin don ya ƙara masa tsawo, ya danna da kafaɗa. Ƙarar da ta fito ba ta da yawa, ƙas ɗaya ce. Da aka zare sandar, ga tsaga tsawon ɗan yatsa ta bi bayanta, bakin firam ɗin ma ya yi fari. Yaron bai yi don ɓarna ba, abin da aka koya masa ya yi. Ba wanda ya taɓa nuna masa rubutun da ke jikin zoben.

Saboda haka duk mai keken kabon ya mallaki sifana mai awo tasa, ko da ƙaramar nan ce da aka saita a 5Nm, wadda in ta kai sai ta yi ƙara ta saki. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya mai kyau ba. In za ka wurin mai gyara ka tafi da ita, ka ba shi cikin mutunci, ka ce, "Oga, da wannan kamfanin ya ce a ɗaure." Galibinsu suna son koyo. In ƙusoshi huɗu ne a fuskar maƙallin kai, a ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, na sama dama, na ƙasa hagu, har su zo daidai, kada a gama ɗaya kafin a taɓa saura. Kuma lambar da aka rubuta iyaka ce. In abu ya kamu kafin a kai ta, ba dole sai an cike ba.

To in sirdin na zamewa fa, me zan yi? In sa giris?

Giris zai ƙara masa santsi ne. Akwai wani man shafawa na musamman don kabon, mai ɗan tsakin yashi a ciki, in ka murza a yatsa za ka ji shi. Shi ake shafa wa sandar sirdi da inda maƙalli ke kama kan keke, sai su riƙe gam ba tare da an matse su da yawa ba. Ka tabbatar kuma kaurin sandar daidai yake da ramin. Akwai milimita 27.2, akwai 30.9, akwai 31.6, kuma cusa gwangwanin lemo don cike giɓi ba dabara ba ce a nan. Giris yana da wurinsa: boris, zaren ƙusoshi, zaren feda. Man mai yashi kuma kada ya kusanci boris. Duk bayan 'yan watanni ka zare sandar ka goge ka mayar.

Na sayo firam kaɗai, zan haɗa da kaina. Ina ake yin kuskure?

Wajen saye, kafin a taɓa sifana. Gidan borisin feda ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai zare da ake kira BSA, akwai masu dannawa irin su BB86 da PF30, akwai kuma T47, shi ma mai zare ne. Ka san naka kafin ka yi odar komai. In da zaɓi, ni mai zare nake ba da shawara a nan, don ana kwance shi da sauƙi. Mai dannawa yana son injin matsa nasa, kuma guduma da guntun katako ba za su maye gurbinsa ba. Haka nan ka san ko birkin faifai firam ɗin ke ɗauka ko na bakin rim, da faɗin tayar da zai iya shiga. In wayoyin birki da giya ta cikin firam suke bi, ka zura su kafin ka sa borisin feda.

Yanke bututun fok shi ne na ƙarshe, kuma ba ya komawa. Ka haɗa komai, ka hau na kwana biyu ka ji tsayin da ya yi maka, sannan ka yanke. A nannaɗe wurin da salatif, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, 32 a inci, a yanka a hankali ana jiƙa wurin da ruwa, kuma a rufe hanci, don ƙurar kabon ba abin shaƙa ba ce. Noti mai kunnuwa da ake bugawa cikin fok ɗin ƙarfe kada ya shiga na kabon, yana yaga shi daga ciki. Toshiya mai buɗewa ake sa masa, doguwa wadda za ta tokare daidai inda maƙalli ke matsewa. Zobban da ke ƙarƙashin maƙalli kada su wuce abin da kamfanin ya yarda, yawanci milimita 30 zuwa 40. In kana da abin rataye keke don gyara, sandar sirdi za ka kama, ba bututun firam ba.

Ranar Katsina ba za ta narkar da shi ba?

Ba za ta narkar ba. A bazara zafinmu yana haura digiri 40, amma an gasa firam ɗin a zafin da ya wuce digiri 100. Hasken rana yana cin danƙon in ya fito fili, shi ya sa in fenti ya ɓare a rufe wurin da ɗan fenti ko man farce marar launi. Abin da zafi ke ɓatawa da gaske shi ne taya, tiyub da roban birki, don haka a ajiye shi a inuwa, kada a kulle shi cikin mota tsakar rana. Salansar mota ko ta babur kuwa tana iya lalata rim ɗin kabon in ya daɗe kusa da ita.

Ƙurar hunturu fa? Yaya zan wanke shi?

Ƙura ba ta cin kabon haka kawai, sai ta samu abin da zai goga ta. Duba inda wayar birki ke taɓa wuyan keke, ko inda jaka ke rataye: ƙura ta shiga tsakani, kullum ana gurzawa, sai fenti ya tafi, sai a fara cin zaren. Manna salatif mai kauri a irin wuraren. Sarƙa ce ta fi shan wahala. Baƙin mai yana kwasar yashi ya zama abin niƙa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya. A hunturu a yi amfani da man sarƙa mai bushewa ko na kakin zuma, a sa kaɗan, a goge saura da tsumma.

Wanki kuwa bokiti, soso mai laushi da sabulun wanke-wanke sun isa. Injin feshin masu wankin mota yana tura ruwa da yashi cikin boris. Fetur da kalanzir a nisanta su da fenti da faifan birki. Sai gumi: gishirinsa yana gangarawa cikin borisin wuya ya ci alminiyom, don haka in ka dawo ka goge wurin.

Tsaidau na fasa min taya kullum. Kuma zan iya shan iska wurin mai faci?

Siririyar taya ta milimita 23 ba ta hanyoyinmu ba ce. In firam zai ɗauka, sa 28 ko 32. Taya marar tiyub mai ruwan toshe huda tana maganin ƙaya sosai, sai dai ruwan yana saurin bushewa a zafinmu, ka riƙa dubawa duk wata biyu. Injin mai faci kuwa ba ya jira, tayar keke kuma cikinta kaɗan ne, kafin ka ce ya isa ya wuce. Wasu rim ɗin kabon na zamani, marasa ƙugiya a baki, iyakarsu 72.5 psi a awon ƙarfin iska, in an wuce taya na iya fita. Ka sayi famfon hannu mai agogo. In birkinka na bakin rim ne kuma rim ɗin kabon ne, roban birki na kabon kaɗai za ka sa, wanda bai taɓa hawa alminiyom ba, don ɓarɓashin ƙarfen da ya maƙale a jikinsa zai kankare rim ɗin. Wajen cire taya a yi amfani da abin ɓanɓara na roba, ban da sukundireba.

Zan iya sa masa kariya ta ɗaukar kaya ko jak, ko in goya ƙanena a bututun sama?

A'a, sai in firam ɗin ya zo da ramukan ƙusa da aka yi don kariya. Duk abin da ake ɗaurawa da matsi a jikin bututu yana murƙushe shi, kuma bututun sama siriri ne, ba a yi shi don zama ba.

Za a aiko min da shi daga Kano ta tasha. Yaya za a shirya shi?

A cikin kwali, ba tsirara ba. A cire tayoyi da feda, a kwance mai canza giya na baya a naɗe shi da tsumma, a lulluɓe kowane bututu da soson katifa. Tsakanin ƙafafun fok da na baya a mayar da sandar gatari ko a sa guntun katako, don in an danne kada su haɗe. In birkin faifai ne a cusa kwali tsakanin robobin. Ka biya kuɗin kujera a ajiye shi ciki ya fi maka arha a kan a ɗora shi saman mota a ja igiya da ƙarfi, ko a ɗora masa buhu. Ka yi magana da direba da kanka, ka ce masa abu ne mai saurin karyewa.

Na faɗi, na ga tsaga. Mai walda zai iya?

Wuta ƙona danƙon take yi, kabon ba ya walduwa. Sufa gulu da gam ɗin gyaran bamba suna rufe ido ne kawai, ba sa mayar da zaren da ya tsinke. Da farko ka gane ko fenti ne ko jiki: sa alama da biro a ƙarshen tsagar biyu, ka ƙwanƙwasa, ka danna. In ta yi laushi, ko ƙarar ta mutu, ko tsagar ta wuce alamar, kada ka sake hawa.

Firam yana gyaruwa a hannun wanda ya san aikin. Yana kankare wurin har ya kai lafiyayyen kabon, ya jera sababbin gunduwoyi yana bin yadda zaren asali ya kwanta, ya matse, ya gasa. Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa, don haka ka nemi ganin ayyukan mutum na baya kafin ka ba shi. Fok, kan keke da sandar sirdi kuwa ba a gyara su, canzawa ake yi. In giya ta rikice bayan faɗuwa, duba 'yar ƙarfen alminiyom da mai canza giya ke rataye a jikinta. An yi ta ne don ta lanƙwashe ta ceci firam, kuma kowane firam da irin tasa, saboda haka ka yi odar guda biyu tun ranar da ka sayi keken.